Allura Da Kunne: Jawabi Ga Jama'ar Garbadu Da Kewaye

  Maganar da ta tara mu yau ita ce ta kunne, da irin ɓarnar da waɗansu magunguna su kan yi masa, da hanyoyin da za a bi a tsare shi. Ina roƙonku ku saurara da kyau, wanda ya ji ya kai wa wanda bai zo ba, gama an ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Babba in ya kurumce, ciniki ya kan gagare shi a kasuwa, ba ya jin mota ko babur a bayansa bisa hanya, sa'an nan a hankali sai ya janye daga zaman majalisa don kunyar yawan cewa "Na'am?" Na yaro ya fi wannan tsanani, domin da kunne a ke koyon magana. Yaron da ya rasa ji tun bai fara magana ba, bakinsa ba zai buɗe kamar na tsararrakinsa ba, sai an yi masa tanadi na musamman. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin 2021, ta ce mutum wajen miliyan 430 ne a duniya jinsu ya ragu har suna bukatar taimako. Daga cikin abubuwan da su ke jawo wannan akwai tsufa, da cututtuka, da ƙara mai tsanani, da magani. Na magani shi ne wanda ya fi sauƙin kaucewa, tun da ya ke da hannunmu mu ke saye, da hannunmu mu ke sha.

Yadda Kunne Ya Ke Aiki

Kunne kashi uku ne. Na farko shi ne wanda mu ke gani a waje, tare da ramin da ya shiga ciki ya tsaya ga dodon kunne, watau wani tantani siriri wanda ya ke a miƙe kamar fatar kalangu. Na biyu yana bayan tantanin nan, inda a ke da 'yan ƙasusuwa uku, waɗanda su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Na uku yana can ciki, binne cikin ƙashin kai, shi ne kuwa abin maganarmu.

A can ciki akwai wani abu mai siffar katantanwa, wanda bai fi ƙwayar wake girma ba. Ya naɗe kamar sau biyu da rabi, cike ya ke da ruwa. A cikin ruwan nan akwai 'yan ƙwayoyin halitta jere sahu-sahu, kowace da 'yar geza a kanta, ba a ganinsu sai da madubin likita. Wani masani mutumin Italiya, Alfonso Corti, shi ya bayyana wurin da su ke zaune cikin 1851. A kowane kunne akwai wajen 3,500 a sahun ciki, da wajen 12,000 a sahun waje. In sauti ya bugi dodon kunne, sai ƙasusuwan nan uku su motsa, su kaɗa ruwan katantanwa, gezar kuwa ta karkata, kamar yadda dashen shinkafa ya kan karkata in an sako ruwa a fadama. Karkatar nan ita ce ta ke zama saƙo, jijiyoyi wajen 30,000 su ɗauka su kai ƙwaƙwalwa, sa'an nan mutum ya ce ya ji.

Abu biyu na ke so ku riƙe game da ƙwayoyin nan. Na ɗaya, kowace tana da irin sautin da ta ke ji. Waɗanda su ke bakin katantanwa su ne masu jin siririn sauti, irin kukan gyare da muryar yara, na can ƙurya kuwa su ne masu jin kakkauran sauti, irin na ganga da aradu. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ba su sake tsirowa. Fata in ta yanke ta kan haɗe, ƙashi in ya karye a kan ɗora shi, amma ƙwayoyin ji waɗanda aka haifi mutum da su, su ke nan har iyakar ransa. Wadda ta mutu ta tafi, jijiyar da ta ke manne da ita kuma ta kan bi ta ta lalace a hankali.

Kusa da katantanwa akwai waɗansu 'yan bututu masu irin waɗannan ƙwayoyi, aikinsu shi ne tsare mutum daga tangaɗi. Su ne su ke sa ka bi bakin magudanar ruwa da dami a ka ba ka faɗi ba.

Magungunan Da Su Ke Taɓa Kunne

A dā tarin fuka ba shi da magani. Cikin 1943, a Jami'ar Rutgers ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Albert Schatz, yana aiki ƙarƙashin malaminsa Selman Waksman, ya samo wani magani daga ƙwayoyin halittar da su ke zaune cikin ƙasa, aka sa masa suna sitiraftomaisin. Shi ne magani na farko da ya karya lagon tarin fuka, ya ceci rayuka ba iyaka. Amma tun cikin 1945 likitocin da suka fara gwada shi suka lura waɗansu majiyyata suna warkewa daga tari, sa'an nan su tashi da jiri ko da raunin ji. Bayansa aka samo 'yan uwansa: niyomaisin cikin 1949, kanamaisin a Japan cikin 1957, jentamaisin a Amurka cikin 1963, daga baya kuma amikasin. Dukansu dangi ɗaya ne, dukansu kuwa suna da wannan hali. Sitiraftomaisin da jentamaisin sun fi taɓa sashen da ya ke tsare mutum daga tangaɗi, kanamaisin da amikasin da niyomaisin sun fi taɓa ji. Ɓarnar wannan dangi in ta auku, galibi ba ta gyaruwa.

Kashi na biyu shi ne kwini, wanda aka fara tace shi daga ɓawon wani itace a Faransa cikin 1820. Dattawa da yawa a nan sun san yadda kunne ya kan yi shuu, ya toshe, in an sha shi. Yawanci wannan ya kan wuce bayan an gama shan maganin. Haka kuma asfirin in an sha shi da yawa ƙwarai. Kashi na uku shi ne maganin sa fitsari wanda a ke ba masu kumburi da masu ciwon zuciya, wanda aka fi sani da sunan Lasix. Shi kaɗai bai cika yin ɓarna mai ɗorewa ba, amma in ya gamu da jentamaisin cikin jiki ɗaya, sai ya buɗe masa ƙofa, ɓarnar ta ninka. Kashi na huɗu shi ne sisfilatin, maganin ciwon daji, wanda a ke bayarwa a manyan asibitoci kaɗai.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce an hana waɗannan magunguna, ko ya ƙi su in likita ya rubuta. Jentamaisin yana daga cikin abin da a ke ceton jarirai da shi in cuta ta shiga jininsu. An yi wani babban gwaji a Nijeriya da Kenya da Kwango, Zariya tana cikin wuraren da aka yi shi, aka bayyana sakamakonsa cikin 2015. A wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda ma'aikacin lafiya wanda aka horar ya yi wa jariri allurar jentamaisin a ƙaramin asibiti, in kai shi babban asibiti ya gagara. Wuƙa ce mai kaifi. A hannun mahauci sana'a ce, a hannun yaro kuwa asara.

Yadda Ɓarnar Ta Ke Aukuwa

In an yi wa mutum allurar jentamaisin ko ɗan uwansa, maganin ya kan bi jini ya zaga jiki duka, ya kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan ƙoda ta tace shi ya fita cikin fitsari. Kaɗan daga ciki ya kan tsallaka ya shiga ruwan katantanwa. A kan gezar nan akwai 'yan ƙofofi waɗanda su ke buɗewa duk sa'ad da sauti ya zo, ta nan maganin ya ke kutsawa. In ya shiga, fitarsa da wuya. Ya kan gamu da sinadarin ƙarfe da ya ke cikin ƙwayar, su haifar da wani dafi mai cin ta daga ciki, kamar yadda tsatsa ta kan ci garmar da aka bari a waje da damina. Maganin ya kan yi watanni a cikin kunne bayan ya ƙare a jini, shi ya sa wani sai an gama allura da makonni sa'an nan jinsa ya soma raguwa.

Ƙwayoyin bakin katantanwa su ne su ke fara mutuwa, watau siririn sauti shi ke fara ɓacewa. Mutum yana jin ana magana, amma ba ya rarrabe "sa" da "sha", ko "fara" da "tsara". Yana jin muryar maza, ta mata da ta yara kuwa tana kuɓuce masa. Mutanen gida sai su ce ya faye taurin kai, ko hankalinsa ba ya wurin. Kafin kowa ya farga, ɓarnar ta ci gaba zuwa ƙurya.

Abubuwan da su ke ƙara haɗarin sanannu ne. Akwai yawan maganin, da yawan kwanakin da aka yi ana bayarwa, da maimaita shi a kai a kai. Akwai raunin ƙoda, da ƙarancin ruwa a jiki, irin na mai gudawa da amai ko wanda ya wuni cikin zafin bazara, domin in fitsari ya ragu maganin ya kan taru a jini. Akwai ƙuruciya ƙwarai da tsufa. Akwai juna biyu, gama maganin yana iya ratsa mabiyiya ya kai ga kunnen ɗan da ya ke ciki. Akwai kuma ƙara mai tsanani, irin ta injin niƙa da janareta da injin ban ruwa da lasifikar biki, domin kunnen da magani ya raunana bai iya jure abin da lafiyayye ya kan jure.

Akwai kuma gado. Cikin 1993 masana suka gano waɗansu mutane suna ɗauke da wani hali a jininsu, wanda ya kan sa ko allura ɗaya tak, daidai ƙa'ida, ta kurumtar da su. Ta wajen uwa kaɗai a ke gadonsa. Uwa ta kan ba 'ya'yanta maza da mata, amma 'ya'ya mata ne kaɗai su ke miƙa shi gaba. A Ingila an ƙiyasta mutum ɗaya cikin 500 yana da shi, har a birnin Manchesta an ƙera na'ura mai gano shi daga yawun kuncin jariri cikin minti 26. Gwajin da kowa a nan ya ke iya yi ba da ko kwabo ba shi ne tambaya: a dangin uwa, akwai wanda ya kurumce bayan allura? Ku tambayi tsofaffi, kunne ya girmi kaka. In akwai, lalle a gaya wa likita kafin ya rubuta magani.

Labarin Allura Mai Lamba 280

Jentamaisin da aka saba da shi a asibiti yana zuwa cikin 'yar kwalba mai miligiram 80. A shekarun baya wata kwalba mai miligiram 280 ta cika kasuwannin ƙasar nan. Girman kwalaben kusan ɗaya ne, amma ƙarfin ta biyun ya ninka na ta farkon sau uku da rabi. Masu kyamis da masu yawon yin allura suka karɓe ta hannu bibbiyu, ana yi wa mutane ita don zazzaɓi, da ciwon ciki, da ciwon sanyi, da gajiya. Saboda lahanin da ta ke yi wa kunne da ƙoda, Hukumar NAFDAC ta soke rajistarta cikin 2010, ta hana shigo da ita da sayar da ita.

Ku dubi lissafin da kanku. Da nauyin jiki a ke auna wannan magani. Jariri mai kilo 3, abin da ya kamace shi a yini bai kai miligiram 25 ba. Kwalba mai 280 ta fi wannan sau goma. Wanda ba shi da sikeli, bai san lissafin ba, bai duba fitsarin majiyyaci ba, ta yaya zai san inda zai tsaya? Har wa yau jentamaisin ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ya maganin mura. Wanda aka yi wa shi don waɗannan ya ɗauki haɗarin duka, bai sami amfanin kome ba. Duk wanda ya ga kwalba mai lamba 280 a kanti ko cikin jakar mai allura, ya sani haramtacciya ce, ya sanar da mai unguwa ko ma'aikacin lafiya.

Akwai wani zato da ya zauna a zukatan mutane, cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi, wanda ya je asibiti ba a yi masa allura ba kamar ba a duba shi ba. Wannan zato shi ne jarin masu yawon allura. Yawancin cututtukan da su ke damunmu ƙwaya tana warkar da su sarai.

Abin Da Ya Sake A Tarin Fuka Da Zazzaɓi

Labari mai daɗi shi ne an rage dogara ga magunguna masu taɓa kunne. Tarin fuka na yau da kullum, ƙwayoyi a ke sha wata 6, kyauta ne kuwa a asibitocin gwamnati. Wanda ya yanke shan magani tun bai gama ba, shi ne ya kan jawo wa kansa tari mai gardama, wanda ba ya jin maganin farko. A dā irin wannan majiyyaci sai an yi watanni ana yi masa allurar kanamaisin kullum, da yawa kuwa sun warke daga tari sun fito kurame. Cikin 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar kanamaisin, a koma ga ƙwayoyi irin su bedakwilin. Cikin 2022 ta amince da wani tsari na ƙwayoyi zalla na wata 6. In tilas ta sa aka koma ga amikasin, ƙa'ida ita ce a riƙa auna jin majiyyaci a kai a kai. Saboda haka mai tarin fuka wanda ya shanye maganinsa har ƙarshe, ya tsare huhunsa, ya tsare kunnensa.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa ya shafe mu ƙwarai. Tun da aka gama Dam ɗin Bakolori bisa Gulbin Sakkwato cikin 1978, ƙasar nan ta sami albarkar noman rani, amma inda ruwa ya kwanta nan sauro ya ke hayayyafa. A dā mai zazzaɓi mai tsanani kwini a ke sa masa cikin ƙarin ruwa. Cikin 2010 aka bayyana sakamakon wani gwaji kan yara fiye da 5,000 a ƙasashe 9 na Afirka, har da Ilori a nan Nijeriya, aka ga allurar atesunet ta fi kwini ceton rai. Tun daga nan ita ce a gaba, ba ta kuwa sa kunne ya yi shuu irin na kwini. Gidan sauro, da maganin rigakafin da a ke bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina, da gwajin jini kafin shan magani, duk suna rage yawan allurar da za ta shiga jikin yaro.

Kada A Ɗora Wa Magani Laifin Cuta

Ba kowace kurumta ce daga magani ba. Sanƙarau da kansa yana kurumtarwa, haka ƙyanda, da hangum, da zazzaɓin Lassa. Cikin 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan. A ƙarshen 2016 wani ya sake ɓulla daga nan Jihar Zamfara, ya bazu, kafin tsakiyar 2017 an lissafa mutum fiye da 14,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Waɗansu da suka tashi sun tashi ba ji. Yaron da aka kai asibiti da sanƙarau ya fito kurma, yawanci cutar ce ta yi ɓarnar, jinkirin kai shi kuwa shi ya ba ta dama. Rigakafinsa yana nan. Cikin 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai tsare mutum daga iri 5 na ƙwayar sanƙarau. Allurar rigakafi dabam ta ke da allurar da mu ke magana a kai, ba ta taɓa kunne, tsare shi ta ke yi.

Ƙoƙarin Masana

Masana sun daɗe suna neman abin da za a haɗa da waɗannan magunguna ya zama garkuwa ga ƙwayoyin ji. Tun da ya ke ɓarnar ta yi kama da tsatsa, sai suka nemi abin da zai kashe dafin kafin ya yi aiki. A birnin Shi'an na ƙasar Sin an gwada mutum 195 waɗanda a ke yi wa jentamaisin, aka ba waɗansu asfirin, aka bar waɗansu. Sakamakon da aka bayyana cikin 2006 ya nuna 13 cikin 100 na waɗanda ba a ba su ba jinsu ya ragu, na waɗanda aka ba kuwa 3 cikin 100 ne. Amma ku yi hattara. An yi wannan ne a asibiti, likitoci suna tsaye. Asfirin mai yawa yana sa ciki ya zub da jini, yana da haɗari ga yara, saboda haka kada wani ya gwada a gida.

A wajen ciwon daji an ci nasara mafi girma. An gwada wani magani mai suna sodiyam tayosalfet ga yara masu ciwon daji na hanta, ana ba su shi awa 6 bayan sisfilatin. Cikin 2018 aka ga 63 cikin 100 na waɗanda ba a ba su ba jinsu ya taɓu, na waɗanda aka ba kuwa 33 cikin 100. Cikin 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi.

Har wa yau, cikin 1988 aka gano tsuntsaye, har da kajinmu na gida, in ƙwayoyin jinsu sun mutu waɗansu su kan tsiro a madadinsu. Kifi ma haka ya ke. Masana suna bin sawun wannan, ko za a gane yadda za a tā da irinsa a kunnen ɗan Adam. Kafin a kai can, abin da ya ke hannunmu shi ne tsare waɗanda mu ke da su.

Abin Da Ya Kamata Mu Yi

Na ɗaya, kada a yarda a yi wa kowa allura sai wadda ma'aikacin lafiya ya rubuta bayan ya duba majiyyaci. A tambayi sunan maganin da yawan kwanakinsa, a ajiye takardar.

Na biyu, a tabbata an ɗora yaro bisa sikeli kafin a yi masa allurar jentamaisin.

Na uku, a gaya wa likita in akwai ciwon ƙoda, ko juna biyu, ko raunin ji tun dā, ko ana shan maganin sa fitsari, ko an yi irin wannan allura kwanan baya, ko wani a dangin uwa ya kurumce bayan allura.

Na huɗu, majiyyaci ya riƙa shan ruwa isasshe, jariri kuwa a ci gaba da ba shi nono. In fitsari ya ragu, a faɗa nan da nan.

Na biyar, a lura da alamun farko: ƙara ko shuu cikin kunne, jin kamar kunne ya toshe, jiri, tangaɗi musamman cikin duhu, ko ganin abubuwa suna rawa in ana tafiya. Wanda ya ji ɗaya daga cikin waɗannan ya koma asibiti a ranar, kafin allura ta gaba. Kada ya yanke magani da kansa ya zauna gida, likita ne zai sake masa wani.

Na shida, a nisanci ƙara mai tsanani lokacin da a ke karɓar maganin da watannin da su ke biye. Mai aikin injin niƙa ya nemi abin toshe kunne.

Na bakwai, kunnen da ya ke fitar da ruwa ko mugunya, sau da yawa dodonsa ya huje. Kada a ɗiga masa maganin da aka saya a kasuwa, ko mai, ko ruwan ganye. Waɗansu magungunan ɗigawa suna ɗauke da niyomaisin ko jentamaisin, ta hujin nan kuwa suna iya kaiwa ga katantanwa. Likita yana da irin wanda ba ya wannan lahani.

Na takwas, ga iyaye mata da ungozomai. Jaririn da aka yi wa allurai bayan haihuwa, a sa masa ido. In ba ya firgita da ƙara, ko ya kai wata 6 ba ya juyowa wajen murya, ko ya shekara ba ya gwalan-gwalan, ko ya shekara 2 bai fara haɗa kalmomi ba, a kai shi a auna jinsa. Kada a zauna ana cewa nauyin baki ne irin na gidansu.

Na tara, ga masu kyamis. Ku 'yan garin nan ne, masu saye a wurinku 'yan uwanku ne da surukanku. Izinin da a ke ba mai ƙaramin kantin magani bai haɗa da yin allura ba. Ribar kwalba ɗaya ba ta kai jin yaro ɗaya ba.

Wanda ya ke bukatar a duba kunnensa ya fara da asibitin da ya ke kusa da shi, ko Babban Asibitin Talata Mafara. Daga nan a kan tura mutum Asibitin Tarayya na Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda a ke da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1999. Wanda jinsa ya riga ya ragu, akwai na'urar da a ke maƙalawa a kunne ta ƙara masa ji. Yaron da ya kurumce ƙurmus, hankalinsa yana nan daram. Yana iya koyon maganar hannu da karatu da sana'a, akwai kuwa makarantun da aka kafa don irinsa, kamar ta Tudun Maliki a Kano. Kada a ɓoye shi a ɗaka, kada a tura shi bara.

Iyayen ƙasa, wannan aiki ba zai yiwu ba sai da ku. Ku ne ku ka san wanda ya ke shiga unguwa da jakar allura, ku ne kuma a ke jin maganarku. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela, malamai su faɗa wa almajiransu da 'yan makaranta, ungozomai su kai maganar cikin gidaje wurin sunaye da bukukuwa. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe don tunawa da lafiyar kunne, ya kyautu a riƙa maimaita wannan bayani a ranar. Rigakafi ya fi magani, balle a wurin da maganin bai samu ba tukuna.